BARA'U BA YA KARANTA WASIƘA

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "Malam, wai Nuru ya ci amanar ko bai ci ba," ga amsarku. Ku karanta a zaune.

*

Tun daga tashar New Street ta Birmingham Ja'afar ya fara haɗa murmushin, don ya san in ya bari sai ya isa ƙofar gidan Nuru ba zai same shi ba. Wata takwas rabonsa da murmushin nan. Ya gwada a gilashin jirgin da ke zuwa Erdington, ya ga ya fito kamar na mai ciwon haƙori. Sai da ya ce a ransa, to Bara'u, fito, sannan fuskar ta saki.

Bara'u ba mutum ba ne. Falke ne a cikin wasan da marigayiya matarsa Radiyya ta ƙirƙiro musu, shi da abokansu Nuru da Murna, wanda suka shekara uku suna yi kowace Asabar a flat ɗinsu na Cheetham Hill a Manchester, Nuru har daga Birmingham yake tasowa. Ita ke zama a kan tebur da littafinta tana ba da labarin wani gari da babu shi, kowa da mutumin da yake magana da bakinsa, in za ka yi wani abu ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya nuna ko ka dace. Ja'afar, wanda a zahiri ba ya iya gaida mutum bai haɗa masa da gyara ba, shi ya ɗauki Bara'u mai zaƙin baki, maƙaryacin da ya taɓa sayar wa sarkin garin rijiyar gidansa, sarkin yana godiya.

A jakarsa akwai gwangwanin biskit da take ajiye kayan wasan. A aljihun ƙirjinsa akwai ambulan, cikinta tikitin jirgin ƙasa goma sha ɗaya, Manchester zuwa Birmingham, da ya tsinta a cikin rigar sanyinta. Ta ce masa laburare take zuwa. A bayan kowane tikiti ta rubuta: N. zai ɗauke ni. Ba bincike ya yi ba. Shi dai mutum ne da ba ya iya ganin rubutu ya wuce, ko bayan kwalin shayi ne, ko gargaɗin jikin tram, ko takardar council ta maƙwabci in ta faɗo ƙofarsu.

Nuru ne ya buɗe, da cokali a hannu.

"Dakta! Wallahi ka rame."

"Kai kuma ka yi tumbi, Birmingham ta karɓe ka. Ina amarya? A ce mata falke ya iso da kilishi na gaske, ba irin tafin takalmin da ake sayar muku a nan ba."

Nuru ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa, ya rungume shi. Ja'afar ya bubbuga bayansa sau uku, yana shaƙar turarensa, yana tunanin ko Radiyya ma ta san ƙamshin.

Sa'adiya, matar Nuru, ta leƙo daga kicin ta gaishe shi, ta yi masa ya ƙarin haƙuri. Murna tana falo tun ɗazu, ƙafafunta a kan hita. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Jos, ta taso daga Salford bayan ta sauka daga shift, ko barci ba ta yi ba. Da ta ga gwangwanin sai ta sauke ƙafafun.

"Oga Dakta, ka tabbata za ka iya?"

"Wata takwas ta bar mu tsaye a ƙofar kotu, Murna. Ƙafafuna sun gaji. Mu ƙarasa mata labarinta."

Suka ci dambu, suka yi la'asar, Murna na jiransu tana ɓare kilishi. Sannan aka share tebur. Ja'afar ya ja kujerar kan tebur ya zauna, ya buɗe littafin Radiyya. Nuru ya kau da kai.

"Za a fara cacar 'yan boko ke nan," in ji Sa'adiya daga bakin kicin.

"Amarya, caca sai da abin ci. Mu nan asara kawai muke."

Ya gyara murya.

"Kotun Birnin Gishiri ta cika har waje. Nentawe mai magani tana gefe da jakarta."

"Ina nan," in ji Murna.

"Bobai mai gadin ƙofa yana tsaye gaban alƙali, da mashinsa da gaskiyarsa, waɗanda su kaɗai ya mallaka."

"Ina nan," in ji Nuru.

Sai Ja'afar ya jingina, ya dafa ƙirji, ya karkatar da kai. Muryar ta sauka ta yi laushi, ta zama ta Bara'u.

"Allah ya ja zamanin alƙali. Ni baƙo ne, talaka, ba ni da kowa a garin nan sai abokina Bobai. Wallahi ina ƙaunarsa. Yau in aka ce in ba shi idona ɗaya, abin da zan tambaya kawai shi ne na dama yake so ko na hagu."

"Ƙarya yake!" Murna ta buga tebur. "Bobai kar ka karɓa, na akuya zai ba ka."

Suka kwashe da dariya, har Sa'adiya. Ja'afar ya ji daɗin dariyar, ya kuma ji haushin kansa da ya ji daɗin.

"Mutane na ta surutu a kansa, Allah ya gafarta malam, ni kuma ba na iya barci in ana taɓa abokina. Tambaya ɗaya nake so ya amsa a gaban jama'a, a wanke shi, in koma kasuwata. A yi masa dokar rantsuwa."

Doka ce ta Radiyya, duk sun san ta. Ka jefa ɗan lido. In ya haura goma, ka faɗi abin da ka ga dama, dole a yarda. In ya gaza, gaskiya za ka faɗa.

Nuru ya hura wa ɗan lidon iska yana dariya, ya jefa. Ya gangara ya daki kofin zoɓo ya tsaya.

"Huɗu," in ji Murna. "Bobai, ka shiga uku."

"Ni me zan ɓoye? Falke, yi tambayarka."

Ja'afar ya zaro ambulan. Ya dinga ajiye tikitin ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar tebur, bayansu a sama, yana daidaita gefensu da ɗan yatsa. Kafin ya kai na biyar dariyar Nuru ta ƙare. Ya ci gaba har goma sha ɗaya.

Murmushin bai bar fuskarsa ba, muryar ma ba ta canza ba.

"Talata goma sha ɗaya, abokina. Matata ta ce laburare take zuwa. Ashe laburaren sunansa ya fara da N, kuma yana da mota."

Nuru ya juya ya kalli ƙofar kicin.

"A'a, kalle ni. Ai don amarya na biyo jirgi har nan, da a waya zan tambaye ka. Huɗu ka jefa."

"Dakta, don Allah, ba haka ake…"

"Yaya ake? Koya min. Kai ka fi ni sanin yadda ake."

Sa'adiya ta goge hannunta a jikin zani, ta tako har bakin tebur. Ta ɗauki tikiti ɗaya ta duba kwanan watan, ta mayar daidai inda yake.

"Wannan ranar ce ta yi amai a kan kafet ɗin da ƙafarka take kai yanzu," ta ce. "Kuma ba goma sha ɗaya ba ne, Malam Ja'afar. Goma sha uku ne. Biyu a motar Murna ta zo."

Ja'afar ya kalli Murna. Tana kallon hita.

"Abban Nana yana ɗauko ta daga tasha ya kai ta asibiti," Sa'adiya ta ci gaba tana nuna Nuru, "ni in je in zauna da ita har ruwan maganin ya ƙare. Mu dawo nan ta kwanta a wannan kujerar awa biyu, in dama mata kunu, ta sha cokali uku. Sai ta tashi ta shafa hoda ta ce bari ta tafi, Malam bai ci abinci ba."

"Wane ruwan magani?"

"Na ciwon daji, Oga Dakta," in ji Murna. "Wane kuma?"

"Sati biyar." Muryar Bara'u ta tafi, tasa ta dawo, busasshiya. "Sati biyar kafin ta rasu likita ya zaunar da mu ya gaya mana. Ina wurin. Na rubuta abin da ya ce."

Murna ta girgiza kai. "Ya gaya maka dai. Ita tun Nuwamba ta sani. Ita ta roƙi GP, likitanku na unguwa, a tura ta nan, takardun asibiti su dinga zuwa gidan nan."

Ya ƙirga a ransa, don ba ya iya hana kansa. Nuwamba zuwa Yuni. Wata bakwai.

"Ku duka."

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ku duka ukun. Kowace Asabar ku zo gidana, ku zauna a teburina, ku ci shinkafata, ku yi min dariya ina muku wasan maƙaryaci. Ashe ni kaɗai ne ɗan koyo a wurin."

"Shinkafarta," in ji Murna. "A zaune take dafawa, don ba ta iya tsayuwa."

"Gashinta ya zube a bandakinka," in ji Sa'adiya. "Da hula take kwana. Ta rame har zobenta yana faɗuwa, ka ce mata rage cin nan ya karɓe ta."

"Amarya, ba ke nake tambaya ba."

"Kai ka ce don ni ka zo."

Ya juya kan Nuru. Abin da ya taho da shi daga Manchester ya rushe, amma akwai saura a ƙasansa, kuma wannan ya fi ciwo.

"To na ji. Ba ka taɓa ta ba, Allah ya ba ka lada, a sa maka waliyyi a gaban suna. Amma me ya sa kai? Shekara goma sha tara ina aure da ita. Me ka fi ni da shi da za ta gaya maka kafin ni?"

"Ba ni ta gaya wa ba."

"Wa ta gaya wa?"

Nuru ya murza fuskarsa da tafin hannu.

"Dakta, ka tuna Farfesa?"

Murna ta ce, "Nuru," a hankali, kamar mai riƙe hannun yaro a bakin titi.

"Huɗu na jefa, Murna. Shi ya ce."

Ja'afar ya tuna Farfesa. Jakin Bara'u ne a cikin wasan, gurgu, mai cin takardu, shi da kansa ya raɗa masa sunan don ya tsokani mai duba aikinsa a uni. Ya fi kowane abu a wasan ba su dariya.

"A ina ka samo shi?" in ji Nuru.

"A wurinka. Na saya."

"Da me?"

Ja'afar ya kalli gwangwanin kayan wasan.

Radiyya tana da al'ada a tebur. In akwai abin da mutum ɗaya kaɗai ya kamata ya sani, ba ta faɗa da baki. Sai ta rubuta a 'yar takarda, ta ninke huɗu, ta sa sunan mutumin wasan a baya, ta tura masa. Kowa buɗe tasa yake yana ɓoyewa da hannu, ban da Ja'afar. Shi ɗaga ta yake sama ya ce, "Bara'u ba ya karanta wasiƙa, sayar da ita yake," ya yi gwanjonta a tebur. Ya sayar wa Murna ɗaya a kan kwalbar dafi, wata kuma a kan rawani. Wanda ya saya shi ke buɗewa. Radiyya takan yi dariya ta ce wata rana zai sayar da taswirar taska a kan kuɓewa.

"Asabar ta biyu a Nuwamba," in ji Nuru. "Ta tura maka takarda. Ka ɗaga ta, ka yi kirarinka, ka ce wa zai saya. Na ce ina da gurgun jaki. Ka yi minti goma kana ciniki, har da kuka, wai marayu kake ciyarwa. Muka yi dariya kamar za mu mutu. Na buɗe."

"Ka tashi ka shiga bandaki," Murna ta ce wa Nuru. "Ka fito fuska jiƙe ka ce alwala ka yi. Magariba saura awa ɗaya."

"Ita fa?" Ja'afar ya ji bakinsa ya tambaya.

"Ta ce, Bara'u ya samu jaki. Ta rubuta a littafinta. Ta ci gaba da labari."

Littafin yana buɗe a gabansa. Bai duba ba. Ya san layin yana nan, ya karanta shi ya fi sau goma.

"Washegari na kira ta na ce zan kawo maka," Nuru ya ci gaba. "Ta ce a'a, ka saya, taka ce. Amma ranar da ya tambaye ka me ke ciki, ko sau ɗaya, ko da wasa, ka ba shi. Na ɗauka sati ɗaya ne. Dakta, kullum tana aljihuna. Na zauna kusa da kai Asabar ta fi ashirin, kana hawan jakin nan kana min gwalo, wai ka cuce ni, ka karɓi dabba ka ba ni takarda. Har cewa na yi maka, falke, ba ka son sanin abin da ka sayar? Ka ce abin da ya bar hannun Bara'u ya bar ransa."

"Tana da baki. Gida ɗaya muke kwana. Me ya hana ta faɗa min kamar kowace mace?"

"Ta gwada ranar Laraba," in ji Sa'adiya. "Ka ce ta bari ka gama babi na biyar. Ta gwada ranar Juma'a, ka ɗaga mata hannu ba ka ɗago kai ba. Ta ce min, Sa'adiya, a teburin wasa kaɗai yake kallon fuskata in ina magana, bari in same shi a can."

"To ta yi kuskure." Ya ji kansa yana magana da sauri, irin yadda yake kare babi a gaban malamai. "Ita ta ƙirƙiri wasan, ta fi kowa sanin Bara'u ba ya buɗewa. Takarda ce kamar sauran, ninki huɗu, biro shuɗi. Ta yaya zan bambance? Ban lura ba. Wa zai lura? Mutum ba ya ɗaukar magana irin wannan ya sa ta cikin wasan yara, sannan ya mutu ya bar wa wani laifi."

"Innalillahi," in ji Sa'adiya.

Nuru ya sa hannu a aljihu. Ya zaro walat, ya ciro wata 'yar takarda da gefunanta suka yi laushi suka yi baƙi, ya ajiye ta a kan tikitin.

Ba Bara'u aka rubuta a bayanta ba.

Ja'afar.

Shekara goma sha tara ba ta taɓa kiran sunan nan ba. Malam take cewa, in tana tsokana ta ce Dakta. Ko a wurin GP in aka tambaye ta sunan miji, kati take miƙawa. Ga shi nan da hannunta, harafin farko ya ɗan karkace kamar biron ya zame.

Ya warware ninkin.

Wannan ba ta wasa ba ce. Sakamako ya fito, ciwon daji ne. Na kasa faɗa da baki. Ka ce musu kanka na ciwo su tafi, ka zo ka zauna kusa da ni.

Ya karanta sau biyu. A waje wata bas ta tsaya ta tashi.

"Akwai saura," in ji Murna. "Duba ƙasa."

An naɗe gindin takardar sama, an manne da farar filastar asibiti.

"Kwana uku kafin ta tafi ta sa Nuru ya kawo mata ita. Ka sauka sayen shayi. Da birona ta rubuta, ni na yanko mata filastar. Ba wanda ya karanta, ta sa mu rantse, ni da Littafina su da nasu."

Ya sa farce ya ɓanɓare. Rubutun ya yi manya, yana gangarowa gefe.

Ina kallon idonka ranar. Ka karanta sunanka. Ka ɗago ka kalle ni, ka ga fuskata. Sannan ka tambayi Nuru nawa ne jakinsa.

Akwai layi uku a ƙasa. Bai iya kaiwa gare su ba.

Falon ya koma masa wancan falon. Ƙamshin shinkafa, ruwan sama a taga, takardar a tsakanin yatsunsa biyu. Daƙiƙa ɗaya ce, ba ta fi ba. Haruffan sunansa, da bakinta da ya bushe, da wani abu da ya ce masa, in ka buɗe wannan, komai ya ƙare. Da kuma yadda Bara'u ya taso da sauri, da fara'arsa, ya karɓi takardar daga hannunsa.

"Oga Dakta," in ji Murna. "Me ta ce?"

Ja'afar ya ninke takardar huɗu. Ya ɗago. Murmushin yana fuskarsa, bai san lokacin da ya dawo ba, ga laushin muryar nan ya biyo shi.

"Ba komai. Ta ce ta yafe wa kowa. Ta ce ta san ban lura ba."

Sa'adiya ta sauke ajiyar zuciya ta ce Allah ya jiƙanta. Murna ta share ido da bayan hannu.

Nuru bai motsa ba. Shekara uku yana zaune a gefen wannan muryar, ya sayi rijiya a wurinta, ya sayi iska a cikin tulu. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa ɗan yatsa ya turo ɗan lidon a hankali, ya ratsa ta kan tikiti goma sha ɗaya, har ya taɓa hannun Ja'afar.

"Dokar rantsuwa, Dakta," ya ce. "Jefa."